Corolla, Civic ko Golf 3: wane tsohon inji ne zai jure wa Legas?

Tun daga watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin jihar Legas ta hana sana'ar acaba a ƙananan hukumomi shida da suka haɗa da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, tambayar da na fi sha daga matasanmu na Agege da Idi-Araba ita ce wace ƙaramar mota ya kamata mutum ya saya da ɗan abin da ya tara. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 sai tambayar ta ƙara nauyi, domin wanda a da yake hangen Camry ko Accord ya dawo yana lissafin lita. Ƙanena, ɗan ƙanin mahaifinmu da ke zaune a wajena, yana cikin masu wannan lissafi, kuma motoci uku ne suka tsaya masa a rai: Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Honda Civic ta 2001 zuwa 2005, da kuma Golf 3, wadda ya taso yana ganinta tana jigilar fasinja tsakanin Kano da Katsina. Abin da ke biye shi ne amsar da na ba shi, a faɗaɗe, kuma inji ne abin dubawata, domin fenti da kujeru da rediyo kowa yana iya ganinsu da idonsa a filin sayar da motoci.

Kafin a kai ga alƙaluma, ya kamata a san irin wahalar da Legas take ba inji, domin ta sha bamban da ta gida. A hanyar Zariya zuwa Funtuwa mota tana gudu, iska tana ratsa lagireto, inji yana aiki a yanayin da ya fi so. A Legas kuwa mota tana iya shafe awa biyu tsakanin Oshodi da Mile 2, ko a kan gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, tana rarrafe a giya ta ɗaya, esi a kunne, babu iskar da ke shiga sai wadda fanka ta jawo. Agogon kilomita ba ya ƙirga waɗannan awoyi, amma baƙin mai yana jinsu, ruwan lagireto ma yana jinsu. A kan haka sai a ƙara ruwan damina da ke cika tituna daga Afrilu zuwa Yuli, da iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe da wayoyi. Saboda haka injin da ya dace da wannan gari shi ne wanda ya fi haƙuri da zafi da sakacin mai shi, kuma wanda in ya lalace za a sami kayansa a kasuwar Ladipo da ke Mushin kafin la'asar.

Injin Corolla na waɗannan shekaru sunansa 1ZZ-FE. Girmansa lita 1.8 ne, a ƙididdige cc 1,794, silinda huɗu, bawul 16, kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ta rufe shi) biyu a sama, faɗin kowace silinda milimita 79, tafiyar fistin kuma milimita 91.5. Wannan doguwar tafiya ta fistin ita ce take ba shi ƙarfin ja tun daga ƙasa, ba sai an taka shi ya yi kuka ba, abin da ke da amfani ƙwarai ga mai tashi da tsayawa a cikin gosulo. A motocin da aka kera don kasuwar Amurka, waɗanda su ne suka cika Legas, ya fito da ƙarfin doki 120 a 1998, ya koma 125 a shekarar 2000 da aka sa masa tsarin VVT-i mai sauya lokacin buɗewar bawul, sannan 130 daga 2003. Wanda ya ga an rubuta 126 a takardun motocin ƙarshen wannan zubi kada ya ɗauka an rage wa injin ƙarfi, hanyar aunawa ce aka sauya. Bulok ɗinsa, wato gangar jikin injin, na alminiyam ne da siririyar rigar baƙin ƙarfe a cikin silinda, kuma sarƙa ce take juya kamshaf. Shi ne dai injin da ke cikin Toyota Matrix da Pontiac Vibe na 2003 zuwa 2008, da wasu Avensis, kuma wannan yawan nasa shi ne babban dalilin da ya sa kayansa ba sa yankewa a kasuwa.

Na Civic kuwa sunansa D17, lita 1.7, cc 1,668, shi ma silinda huɗu da bawul 16, amma kamshaf ɗaya ke ɗauke da su duka. Faɗin silindarsa milimita 75 ne, tafiyar fistin milimita 94.4. Iri biyu aka fi gani a nan: D17A1 marar VTEC, wato tsarin Honda na sauya buɗewar bawul, mai ƙarfin doki 115, da D17A2 mai VTEC da ke cikin samfurin EX mai ƙarfin doki 127. Inji ne marar nauyi, mai santsin murya, kuma a ra'ayina ya fi na Corolla daɗin tuƙi idan giyar hannu ce. Sai dai bel ne ke juya masa kamshaf, kuma a nan ne babban bambancin farko yake.

Wannan bel, da ake kira bel ɗin taimin, roba ce mai haƙora, tana da wa'adi. Honda ta tsara a canza na D17 idan mota ta ɗan haura mil dubu 100 ko kuma ta shekara bakwai, duk wanda ya riga zuwa, kuma shekarun sun fi muhimmanci a wajenmu, domin zafi da ɗigon mai suna tsofar da roba ko da mota a ajiye take. D17 yana cikin injunan da fistin da bawul suke amfani da wuri ɗaya a lokuta daban-daban, saboda haka idan bel ya tsinke inji yana aiki, fistin zai haɗu da bawulan da suka tsaya a buɗe ya lanƙwasa su. Aikin da da farko bel ne kawai da tenshona mai ɗame shi da famfon ruwa, wanda shi ma wannan bel ɗin ke juya shi, sai ya koma sauke tof, wato kan inji da ke ɗauke da bawul, gaba ɗaya. Matsalar a Legas ita ce wanda ya sayi mota 'yar Tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita, ba shi da takardar da za ta gaya masa yaushe aka canza bel na ƙarshe, dillali kuma ba zai ce ba a canza ba. Ga kuma jabun bel da ke zuwa a kwali mai kyau da tambarin kamfani. Duk wanda ya sayi wannan Civic, ina ganin wajibi ne ya ɗauki kuɗin bel da tenshona da famfon ruwa a matsayin wani ɓangare na kuɗin motar, ya canza su a makon farko. Sarƙar 1ZZ-FE ba ta da irin wannan wa'adi. Muddin ana juyen baƙin mai a kan lokaci tana iya kaiwa ƙarshen rayuwar injin, kuma idan ta fara sakwarkwacewa tana sanarwa da ƙara kafin ta yi ɓarna. Abin da aka fi gani a wajen shi ne ɗigon mai daga robar tenshonan sarƙar a bayan inji, gyaran da bai kai ya kawo ba.

To amma Toyota ma tana da nata tabon, kuma masu yabonta a majalisa ba su cika ambatarsa ba. Injunan 1ZZ-FE na farko, musamman na Corolla ta 1998 zuwa 2002, sun yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Dalilin yana cikin fistin: ramukan da mai ke bi ya koma ƙasa ƙanana ne kuma ba su da yawa, idan zafi ya dafa mai ya zama gawayi sai su toshe, ringin da ke share mai ya maƙale, mai ya riƙa hawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Abin da ya sa cutar take da haɗari shi ne sau da yawa ba a ganin hayaƙi sosai a salansa, ba a kuma ganin ɗigo a ƙasa, mai ne kawai yake raguwa a ɓoye har ranar da fitilar mai za ta kama, kuma a lokacin an riga an makara. Toyota ta gyara tsarin fistin a zubin baya, shi ya sa na 2003 zuwa sama suka fi na baya lafiya, na 2005 zuwa 2008 kuma su ne na fi natsuwa da su. 'Yan'uwansa da ke cikin Corolla ta Turai, wato 3ZZ-FE mai lita 1.6 da 4ZZ-FE mai lita 1.4, sun gaji wannan hali a shekarunsu na farko. Baƙin man da injin ke ɗauka lita huɗu ne ko kusa da haka, don haka wanda ke shan lita guda a kowane kilomita dubu, tafiya ɗaya daga Legas zuwa Kano ta ishe shi ya cinye rubu'in mansa. Mai irin wannan mota dole gejin auna mai ya zama abokinsa na kowace safiya.

Akwai wani abu kuma da ya shafi na 2005 zuwa 2008 ɗin da na yaba. A watan Agustan 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya na waɗannan shekaru a Amurka saboda tsagewa a cikin kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos, matsalar da ke sa mota ta mutu tana tafiya ko ta ƙi tashi. Da yawa an canza musu kyauta tun a can, amma ba duka ba. Idan irin wannan mota ta riƙa mutuwa ba gaira ba dalili, a tuna da wannan kafin a fara sayen kwayil da fulogi da famfon mai ɗaya bayan ɗaya.

Raunin D17 na biyu, bayan bel, shi ne gaskit ɗin tof, wato shimfiɗar da ke like tsakanin tof da bulok, kuma wannan ya fi damuna saboda yanayin Legas da na bayyana. Dukkan injunan biyu na alminiyam ne, kuma alminiyam ba ya yafe zafin da ya wuce kima, amma D17 ya fi saurin nuna fushinsa. Yadda yake lalacewa ma yana ruɗar mutane, domin ba lallai a ga mai ya haɗu da ruwa ya yi kalar koko ba. Abin da aka fi gani shi ne iskar ƙuna tana silalewa daga silinda zuwa hanyar ruwa, ta tura ruwan zuwa robar ajiya har ta cika ta zube, lagireto kuma ya rage ruwa. Motar za ta yi kwanaki a cikin unguwa lafiya lau, amma ranar da aka hau babbar hanyar Ibadan aka taka ta, allurar zafi sai ta tashi. Na san wanda ya canza lagireto da fanka da murfi da famfon ruwa a kan wannan matsala, wani gareji yana tura shi wani, kafin a gano gaskit ne. Haka kuma bututun hayaƙi na farko da ke manne da D17A1 yakan tsage, kuma tun da a haɗe yake da matatar hayaƙi, wadda a Legas ake kira indomi, canza shi ba araha ba ne. 1ZZ-FE shi ma idan aka bar shi ya tafasa tof ɗinsa yana iya karkacewa, kuma siririyar rigar silindarsa ba ta ba da damar a yi ta rarake ta kamar ta injunan da, shi ya sa idan ya buga yawanci sai dai a ɗauko wani daga Ladipo a ɗora.

Ko da yake maganar inji ake yi, ba zai yiwu a tsallake giya ba, domin akasarin motocin da ke shigowa ta tashoshin Apapa da Tin Can masu giyar otomatik ne. Giyar otomatik ta Civic ta 2001 da 2002 ta shahara da saurin mutuwa, an ɗan sami sauƙi a shekarun da suka biyo, kuma ba ta yarda da kowane irin man giya ba sai nata na Honda, wanda a da ake kira ATF-Z1 aka maye shi da DW-1. Ta Corolla mai hawa huɗu tsohon tsari ce, ba ta da wani abin burgewa, amma tana daɗewa. Wanda ya nace a kan Civic, da zai sami mai giyar hannu da ya rage wa kansa rabin fargaba, sai dai ƙafarsa ta hagu za ta sha kuloci a gosulon Ikorodu Road.

Wanda ya ɗan ƙara kuɗi ya nufi Civic ta 2006 zuwa 2011 zai tarar da wani inji dabam, R18A, cc 1,799, ƙarfin doki 140, mai sarƙa maimakon bel. Inji ne mai kyau, amma wasu daga cikin na 2006 zuwa farkon 2009 bulok ɗinsu yana tsagewa ya riƙa zubar da ruwa, har Honda ta tsawaita garantinsa a Amurka zuwa shekara goma, wa'adin da ya daɗe da ƙarewa.

Sai Golf 3, wadda ƙanena ya fi so a zuciyarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Injinta mai lita 1.8, cc 1,781, bawul takwas ne kacal da kamshaf ɗaya, bulok na baƙin ƙarfe, tof na alminiyam, ƙarfin doki 75 ko 90 gwargwadon samfuri. A takarda ya fi sauran biyun rauni nesa ba kusa ba, amma mai doki 90 yana ba da cikakken ƙarfin jansa tun a juyi 2,500 a minti, shi ya sa ake loda mata mutane da buhuna ta tashi ba gardama. Bawulansa suna daidaita kansu da matsin mai, bulok ɗinsa yana jure zafi fiye da na alminiyam, ana iya rarake shi a sa manyan fistin, kuma babu garejin da za a shiga daga Kaduna zuwa Sakkwato a rasa wanda ya san shi ciki da waje. Illarsa ba a ƙarfen take ba, a abubuwan da ke kewaye da shi take. An kera Golf 3 daga 1991 zuwa 1997, doguwar mai wurin kaya a baya kuma ta kai 1999, ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara ashirin da biyar. Mahaɗan ruwa na roba da ke jikin tof suna bushewa su tsage, wayoyi sun tsufa, kwayil da distiributa suna jin sanyin damina, ga shi iskar Legas ba ta raga wa tsohuwar waya. Tsarin man da ta zo da shi, injekta ɗaya tilo a saman inji, kanikawa da yawa ba sa son wahalarsa, sai su cire su ɗora kafireto. Motar za ta tashi, gyaranta zai yi sauƙi, amma shan mai zai ƙaru, hayaƙi ma haka, a garin da tun Janairun 2022 sai an kai mota an gwada ta da na'ura kafin a ba ta takardar cancantar hawa titi. Kamfanonin tasi na waya irin su Uber da Bolt kuma suna da iyakar shekarar motar da suke karɓa, wadda Golf 3 ba za ta shiga ba, Civic da Corolla ɗin ma sai mutum ya tambayi ƙa'idar da ake kai kafin ya biya kuɗi.

Dattawan direbobi a tashar Agege har yanzu suna yabon tsohuwar Corolla ta 1993 zuwa 1997 mai injin 4A-FE, cc 1,587, kuma suna da hujja, domin bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, kuma ko bel ɗinsa ya tsinke fistin ba ya taɓa bawul, a gefen hanya za a sa wani a ci gaba da tafiya. Matsalarta ɗaya ce da ta Golf, wato shekaru.

A batun shan fetur, wanda shi ne ya fi cin ran kowa a yanzu, bambancin Corolla da Civic bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Idan suna da lafiya, a buɗaɗɗiyar hanya kowacce tana cin tsakanin lita 6 da 7 a kilomita 100, a cikin gari kuma wajen lita 9, tankin kowacce lita 50 ne, Civic tana ɗan gaba wajen tsimin mai saboda ƙaramin injinta. Golf tana bayansu, mai kafireto kuma tana can baya sosai. Amma waɗannan alƙaluma na gari ne mai tafiya, ba na Legas ba, inda ƙaramin inji da esi a kunne yake iya cinye kusan lita guda a awa ɗaya yana tsaye wuri ɗaya. Abin da ke raba mota da mota a nan shi ne abin da hannun bakanike ya yi mata. Al'adar cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, da haɗa fanka kai tsaye, da sunan wai an yi wa mota tsarin ƙasar zafi, ita ce ɓarna mafi yaɗuwa. Tamostat ɗin 1ZZ-FE yana buɗewa ne a wajen digiri 82, domin a wannan zafi aka tsara injin ya yi aiki. Idan aka cire shi inji yana daɗewa bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke mai daga jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Haka nan zuba ruwan famfo ko na leda a lagireto maimakon kulant yana cin alminiyam daga ciki, yana tara tsatsa a bulok ɗin Golf. Sai kuma baƙin mai, wanda ake gane kaurinsa da lamba: littafin Corolla 5W-30 ya ce, na Civic ta Amurka 5W-20, amma gareji da yawa 20W-50 suke ɗura wa kowace mota, man da kaurinsa ke jinkirta isarsa sama da safe, yake kuma wahalar da ƙananan hanyoyin da VVT-i da VTEC suke aiki da su. Tsohon injin da ya riga ya saki ana iya ɗan ƙara masa kauri, amma tsalle daga 20 zuwa 50 ba magani ba ne, ɓoye cuta ne. Ga mai aikin haya a Legas, juye a kowane kilomita dubu biyar da mai na gaskiya da matata ta gaskiya ya fi masa kowace dabara.

Masu tunanin mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG su lura da wani ɗan bambanci. Gas yana sa tazarar bawul ta riƙa matsewa da sauri fiye da fetur. A D17 daidaita ta aikin sukurdireba da sifana ne na ɗan lokaci, a 1ZZ-FE kuwa sai an ciro kamshaf an canza ƙoƙunan da ke kan bawul da masu kaurin da ya dace. A wannan gaɓa Honda ce ta fi sauƙi.

Da ƙanena ya gaji da bayani ya ce, "Yaya, ni dai ka faɗa mini wadda zan saya," abin da na ce masa shi ne Corolla ta 2005 zuwa 2008, ko Vibe ko Matrix na waɗannan shekaru idan yana son wurin kaya, domin ga wanda motar ce jarinsa kuma a Legas zai yi aiki da ita, injin da ba shi da bel, mai giyar da ba ta cika mutuwa ba, wanda kowane bakanike daga Abule-Egba zuwa Ajah ya saba da shi, ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa. Ƙarin kuwa ba kaɗan ba ne, sunan Toyota kansa ana sayar da shi, amma yana dawowa ranar da za a sayar da motar. Civic ta dace da mai hawan kansa, wanda ke zuwa aiki ya dawo, mai kula da allurar zafi, wanda zai yi amfani da rarar kuɗin da ya samu wajen saye ya canza bel da kulant da man giya nan take. Golf 3 kuwa ba zan ba mazaunin Legas shawararta ba, sai in niyyarsa ya tura ta gida ta yi jigila tsakanin garuruwa, inda hanya take a buɗe kuma masananta suke. Gargaɗi ɗaya ga mai neman Corolla ko Matrix: idan ya ga an rubuta XRS, ko GT a jikin Vibe na waɗannan shekaru, injin ba 1ZZ-FE ba ne, 2ZZ-GE ne, na masu son gudu, mai buƙatar fetur mai inganci na musamman, kuma kayansa ba su cika kasuwa ba.

Duk da haka Civic mai lafiya ta fi Corolla da aka kashe, kuma a filin motoci na Berger da ke kan hanyar Apapa zuwa Oshodi duka biyun suna sheƙi iri ɗaya. Shawarata ita ce a je da sassafe tare da bakanike na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, a taɓa inji a tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin ƙarar sarƙa da shuɗin hayaƙi da rawar inji duk a tashin farko suke bayyana. A buɗe murfin mai a haska ciki da tocila a ga ko akwai baƙin dasƙararren mai, a buɗe lagireto tun yana sanyi a ga launin ruwan, a bar inji ya yi zafi a ga ko fanka tana kamawa tana saki da kanta ko kuwa an haɗa ta kai tsaye. A Civic a tsaya a kalli bakin lagireto ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. A kunna makulli a tabbatar fitilar gargaɗin inji tana kamawa kafin ta mutu, saboda akwai masu cire ƙwanta, sannan a sa na'urar sikana. Awon matsin silinda bai fi aikin rabin awa ba, kuma bai kamata wata silinda ta bambanta da 'yar'uwarta da fiye da kashi ɗaya cikin goma ba. A leƙa ƙarƙashi a ga ko indomi na nan, a duba tsatsa, domin motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake watsa wa tituna lokacin dusar ƙanƙara, a ɗaga kafet a shinshina ko ta taɓa nutsewa a ruwa. Agogon kilomita kuwa ba shaida ba ne, ana mayar da shi baya.

Shekarar mota ma ba a karɓarta daga bakin mai sayarwa, tun da fitilu da bamba ana canza su a mayar da ta 2003 ta yi kama da ta 2007. Lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba tana da harafi da lamba 17, kuma a motocin kasuwar Amurka ta goma ita ce shekara: 3 na nufin 2003, 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008. Ta farko kuma tana nuna inda aka kera ta, 1 Amurka, 2 Kanada, J Japan. A gwada wannan lamba da wadda ke manne a jikin ƙofar direba da wadda ke cikin takardun kwastan, su zo ɗaya harafi da harafi, kafin a fara maganar farashi.